Takardar Ƙoshin Lafiya

A wata na goma sha huɗu da tsare Auta aka hana ganinsa. Tela ta je ranar ziyara kamar yadda ta saba, ta bi layi tun hantsi rana na dukan ƙeyarta. Da ta iso gaban taga sai gandiroba ya bi littafinsa da yatsa ya ce, "Wannan ba a ganinsa. Umarni ne daga sama."

"Wane saman?" in ji ta. "Na Ubangiji, ko naku na bene?"

Matan da ke bayanta suka ƙunshe dariya. Gandiroban bai ko ɗago ba. Ya karɓi ƙullin wankakkun kayan da ta kawo, ya zazzage su a kan tebur, ya lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya turo mata leda cike da masu datti. Ganin mutum aka hana, ba a hana wanki ba, don gidan yari ba shi da sabulun da zai ɓata a kan masu jiran shari'a.

Auta ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara tara ta ba shi, ita ta goya shi, ita ta dinga jan kunnensa zuwa makaranta, shi ya sa ko da furfura ta cika masa kai bai tashi daga Auta a bakinta ba. A waje kuwa Sakatare ake ce masa, don shi ne sakataren wata 'yar ƙungiya ta kare haƙƙin ɗan Adam mai ofis ɗaki guda a saman wani shagon magani. Aikinsa bin ofisoshin 'yan sanda yana rubuta sunayen mutanen da aka kulle ba a kai su kotu ba, da na waɗanda suka shiga da ƙafafunsu aka fito da su a naɗe. Ranar da ya buga sunayen a jarida aka zo aka tafi da shi, wai yana tunzura jama'a. Tela ba ta taɓa son wannan aiki ba. Ta sha gaya masa cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, shi kuma ya yi dariya ya ce, ai Yaya ruwan ya daɗe yana dukan mutane, shi ƙirga su kawai ya yi. Matarsa ta rasu tun kafin wannan, Allah bai ba su haihuwa ba, don haka wahalar duka ta faɗo kan Tela. Ta kuwa ɗauka tana mita. Sai dai ita kaɗai ke da izinin zagin Auta, wani ya gwada a gabanta ya ga yadda ake tashin hankali.

A gidan yari ba a barin ɗaurarre da bel ko igiya, saboda haka roba take sa masa a ƙugun wando. Awonsa kuwa ta san shi kamar sunanta, ƙugu inci talatin da shida, tun shekara ashirin bai motsa ba. A wanki na biyu bayan an hana ziyara sai ta ga ƙulli a gefen wani wando. An tattaro yadin ƙugun an ɗaure tamau. Ta kwance, ta ɗauko tef ta auna abin da aka tattare, inci uku cif. Ta ce a ranta abincin gidan yari ne, wa ya taɓa yin ƙiba a can? Ta hau keke ta rage ƙugun, ta mayar. Bayan wata guda wandon ya dawo da sabon ƙulli. Ta sake ragewa. Kafin watanni huɗu awon ya sauko talatin.

Sannan sai ƙafafun wandon suka fara dawowa a buɗe.

Da farko ta ɗauka yagewa ce, ko aikin gandirobobi masu bincike. Amma Tela ta san yagewa, shekara arba'in tana gyaran ta mutane. Wannan zama aka yi aka warware ɗinkin zare bayan zare, tun daga bakin ƙafa har gwiwa, hagu da dama, ba a ji wa yadin ciwo ko kaɗan ba. Mutum ɗaya ta sani mai irin wannan haƙuri. Auta bai iya sa ko maɓalli ba, amma tun yana yaro shi take zaunarwa a gindin kekenta yana warware mata ɗinkin da ta ɓata. Ta zauna da wandon a cinyarta tana tambayar kanta, mutumin da ƙugunsa ke tsukewa, me zai sa ƙafar wando ta matse shi? Ta juya rigunan ciki waje, sai ga ɗigo-ɗigon jini a hannuwa da baya, irin na wanda ya yi ta susa har ya fasa fata. Nan tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka tafi da shi.

Masu gidan yari suna karanta wasiƙa, suna caccaka abinci da tsinke, suna murza sabulu ko an ɓoye wani abu ciki. Ba wanda ya taɓa tuna cewa tela tana karanta wanki.

Akwai wata likita a babban asibiti da Tela take yi wa ɗinki tun tana ɗaliba. Wajenta ta nufa da ledarta, ta jira aka gama ganin marasa lafiya, ta shiga ta shimfiɗa wandunan a kan gadon gwaji.

"Yaya Tela," in ji Likita tana dariya, "ni fa ban taɓa duba wando ba."

"Yau za ki fara. Mai wandon ba a ba ni shi ba."

Dariyar ta ɗauke sa'ad da Tela ta nuna mata ƙullin, da ɗinkin da aka warware, da ɗigon jinin. Likita ta tambaya ko yana da hawan jini. Tela ta ce yana da shi, kullum da safe yana shan ƙwaya, ta kai masa bakin ƙofa sau uku aka ce ba a karɓar magani daga waje, suna da nasu.

"Ba zan rantse ba tunda ban gan shi ba," in ji Likita, "amma ƙoda nake tsoro. In ita ce, sai an ɗora shi a injin wankin ƙoda. Ki saurare ni da kyau. Duk ranar da suka ba ki shi, kar ki baro fayil ɗinsa na asibitin gidan yari, ina bukatar in san me suke ɗura masa duk watannin nan. Kuma ki sa su rubuta takardar turo shi ta gaggawa. Inji huɗu gare mu, masu jira sun fi sittin. Wanda aka turo da takarda ranar za a ɗora shi. Wanda ya zo daga gida hannu rabbana sai an faro gwaji daga tushe, a sa shi a layi. Mai irin wannan kumburi, kwana huɗu ma ba lallai ya kai ba."

Lauyar ƙungiyarsu Auta, wata 'yar siririya mai murya kamar ta mutum uku, ta kai maganar kotu. Gidan yari ya aiko da wasiƙa mai hatimi, cewa wanda ake tuhuma yana cikin ƙoshin lafiya, ana kuma kula da shi yadda doka ta tanada. Tela ta jera wanduna bakwai a kan teburin kotu, kowanne ta maƙala masa 'yar takarda da fil, ga kwanan wata ga awo. Lauyan gwamnati ya tambaya ko an mai da kotu shagon wanki ne. Alƙalin bai yi dariya ba. Ya ɗaga wando na farko da na ƙarshe ya haɗa ƙugunsu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ba da umarni a kai Sakatare asibiti cikin kwana bakwai.

Kwana bakwai suka wuce, mako uku suka wuce. Takardar alƙali ta shiga ƙofar gidan yari ita ma ta zama ɗaurarriya.

A layin ziyara akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggon Layi, don ta riga kowa fara zuwa, ita ke raba rigima idan an ci wa wata wuri. Ɗanta take ziyarta yanzu, amma da mijinta ta fara. Ranar da Tela ke ta kumfar baki a kan umarnin kotu, Gwaggo ta ja ta gefe jikin katanga.

"'Yar nan, bari in gaya miki abin da ba a gaya mini ba," ta ce. "Mutanen nan ba sa tsoron alƙali. Abu guda suke tsoro, gawa a cikin littafinsu. In ɗaurarre ya mutu a hannunsu sai an yi bincike, sai an rubuta, sai wani ya amsa tambaya. Shi ya sa in sun ga mutum ya kusa, sai su kira ki da kansu, da murya mai daɗi, su ce an yi afuwa. Ni haka aka yi mini. Na zo ina guɗa, aka ce in dangwala a nan, na dangwala. Kwanansa huɗu a gida ya cika. Da na koma ina kuka sai aka nuna mini yatsana a ƙarƙashin rubutu, wai na karɓe shi lafiya ƙalau. To wa zan kai ƙara? Yatsana?"

Tela ta ce Allah ya jiƙansa, ta koma wurinta a layi. Ranar ba ta sake tsokanar gandiroba ba.

Kwana goma bayan haka, tana tsakiyar yanka wani yadi, wayarta ta yi ƙara. Murya ce ta namiji, mai laushi kamar an shafa mata mai. An ce ta zo yanzu-yanzu, an sallami ɗan'uwanta, hukuma ta duba da idon rahama. Almakashin ya suɓuce daga hannunta. Murna ta zo mata, ba za a ce ba ta zo ba, har sai da ta dafa tebur. Amma maganar Gwaggo tana biye da ita kamar inuwa. Ta kira Lauya, sai aka yi rashin sa'a tana wata kotu a wani gari, tafiyar awa uku. "Kar ki sa hannu a komai sai kin karanta, Yaya," ta ce, "ga ni nan tafe." Tela ta zura tabaranta a jaka, ta tare tasi, ta ce wa direban zai jira ta don za su ɗauko mara lafiya.

A bakin ƙofa aka karɓe wayarta. Aka bi da ita ta tsakar gidan da ba ta taɓa takawa ba, har ofishin Shugaban gidan yari. Fanka na juyawa, tebur mai gilashi a sama, agogon bango ya nuna ƙarfe uku da rabi. Shugaban ya miƙe tsaye, ya ja mata kujera da hannunsa, ya ce a kawo wa Mama ruwa mai sanyi. Shekara biyu tana zuwa gidan nan ba wanda ya taɓa ce mata ko sannu da rana. Ta zauna a bakin kujerar, ba ta taɓa ruwan ba. Ta san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai aka shigo da Auta. Ɗaurarru biyu ne suka ɗauko shi a cikin bargo, suka kwantar a kan bencin da ke jikin bango, suka fita da sauri. Da a hanya ta gan shi da ta wuce. Fuskar ta kumbura har idanun sun zama 'yan tsaga, wuyan kamar sillen kara, ƙafafun kuwa sun cika sun yi sheƙi, suna leƙowa ta buɗaɗɗen wandon da ta ɗinka. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya juyo da kai a hankali ya dube ta.

"Yaya," ya ce, "kin rame."

"Kai kuwa ka yi ƙiba, mara kunya," in ji ta. Ba za ta yi kuka a gaban mutumin nan ba ko da zuciyarta za ta fashe.

Shugaban ya turo mata takarda da biro. "Nan kawai za ki sa hannu, Mama, ki tafi da abinki."

Ta ciro tabarau ta sa. Karatunta ba mai sauri ba ne, ta bi layi-layi da yatsa tana motsa leɓe, shi kuwa yana ta duban agogo. A layi na biyar ta tsaya. Ni, 'yar'uwar wanda aka sallama, na shaida na karɓe shi cikin ƙoshin lafiya, ba ni da wani ƙorafi a kan hukumar wannan gida.

Ta cire tabaran. "Yallaɓai, ina fayil ɗinsa na asibiti? Da takardar turawa?"

"Wane fayil kuma, Mama? Ai kin karanta. Mai lafiya ba shi da fayil."

"Au, lafiyarsa ƙalau?"

"Ɗan gajiya ce. Ya je gida ya huta, ya ci mai kyau, shi ke nan."

"To madalla. Ni tela ce, Yallaɓai, ba na sallamar aiki sai an gwada a jiki. Tunda lafiyarsa ƙalau, ya tashi ya taka da ƙafarsa zuwa bakin ƙofa. Ina biye da shi, a can zan sa muku hannu har sau biyu."

Shugaban ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Sakatare, tashi mana ka nuna wa Mama."

"Wallahi, Yallaɓai, ni na fi ka son haka," in ji Auta. Ya kuwa gwada da gaske. Ya dafa bango, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya jawo ɗayar da hannu biyu. Ya ɗago rabi, gwiwoyin suka lanƙwashe, ya zube a kan bencin yana haki, gumi na keto masa. Tela ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinyoyinta don kar su tashi su tare shi.

"Baiwar Allah," in ji Shugaban, man muryar ya ƙare, "ba ciniki na kira ki mu yi ba. Alfarma aka yi muku. Ko ki sa hannu ki ɗauke shi yanzu, ko in sa a mai da shi ciki. Ƙarfe huɗu nake tashi. Kuma in ya koma, ban san ranar da wata afuwar za ta sake zuwa ba."

Ta dubi Auta. So take ya ce wani abu, ya ce sa hannu Yaya ki fitar da ni, ko ya ce kar ki sa, ya yi mata irin dogon jawabinsa na haƙƙi da doka, ko me dai, ya sauke mata rabin kayan. Shi kuwa ya kafe silin da ido.

"Hannunki ne, Yaya," ya ce.

Ta ji kamar ta tashi ta mare shi.

Biron yana gabanta. Tasi tana waje. In ta sa hannu, cikin minti goma kansa yana kan cinyarta, ko ba komai zai mutu a gida, ba a kan siminti ba. Amma ba mutuwa a gida ta zo nema masa ba. Ba fayil, ba takarda, sai layin mutum sittin da kwana huɗun da Likita ta ce ba lallai ya kai ba. Ta ɗago ta dubi Shugaban sosai, irin kallon da take yi wa mai kawo ɗinki kafin ta taɓa tef. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ga fanka tana kaɗawa a kansa, ga rigarsa ta jiƙe a hammata. Duk lokacin da numfashin Auta ya sarƙe, sai idon mutumin ya zabura zuwa bencin, sannan zuwa agogo. Wanda ya yi alfarma ba ya gumi haka.

Ta tura takardar ta koma gabansa, ta ɗora biron a kai. Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ku mai da shi," ta ce. "Da ƙafarsa kuka karɓe shi, lafiyayye, inci talatin da shida. Ku riƙe abinku. In ya kwana a nan ya mutu, a littafinka zai mutu, Yallaɓai, da umarnin alƙali a cikin durowarka. Ni hannuna ba ya wanke wa kowa wannan dattin."

"Ɗan'uwanki ne fa!"

"Na fi ka sani. Ni na goya shi."

Ba ta kalli bencin ba, don ta san in ta kalla ta gama. Ta fita.

Tsakar gidan ba ta da wani tsawo, amma Tela ba ta taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Tana tafe tana kasa kunne, tana jira a ce Mama dawo. Abin da ta ji kawai tarin Auta, sannan ƙarar rufe ƙofar ofis. Mai gadin ƙofa ya miƙo mata wayarta yana kallonta kamar mahaukaciya, ya buɗe 'yar ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake ƙarfen. Ba wanda ya kira ta. Aka mai da ƙofar, aka zura sakata.

"Ina mara lafiyar?" in ji direban tasi.

"Jira."

Ta tsaya jikin katanga, daidai inda suke yin layi. Yau ba ranar ziyara ba ce, titin ba kowa sai motoci masu wucewa. Ƙarfe huɗu ta yi. Huɗu da kwata. Ta kira Lauya, wayar ba ta shiga. Zuciyarta ta fara cin ta: ke wace ce da za ki yi caca da ran ɗan'uwanki? Da wace hujja, gumin hammata? In mutumin ya bi ta ƙofar baya ya tafi gida fa? Ta taka zuwa ƙofar, ta ɗaga hannu za ta buga, ta ce a kawo takardar, ko me aka rubuta za ta sa hannu. Hannun ya tsaya a sama. Ta san akwai 'yar taga a ƙofar, ta san ana leƙenta. Ta sauke hannun ta kama gefen mayafinta da shi, ta juya wa ƙofar baya, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu kamar wadda ta zo kwana.

Direban ya sake zuwa sau biyu, ta ce masa in ya gaji ya tafi. Bai tafi ba, ya dai koma mota yana girgiza kai.

Biyar saura kwata sai ta ji ƙarar da ba ta taɓa ji ba duk zuwanta, ana jan manyan sakatu. Babbar ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, ɓangare biyu. Motar asibitin gidan yari ta fito a hankali, wata tsohuwar farar mota da ƙura ta daskare wa gilashi, ta tsaya a gabanta. A baya ga Auta a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, kusa da shi ma'aikacin jinya rungume da fayil mai kauri. Mataimakin Shugaba ya biyo da takarda, fuska a ɗaure. Shugaban da kansa bai fito ba.

"An soke layin," ya ce. "Sa hannu."

Tela ba ta yi sauri ba. Ta tashi ta kaɗe zanenta, ta sa tabarau, ta tabbatar an ja layi a kan ƙoshin lafiyar an buga hatimi a gefe. Ta ce a nuna mata takardar turawa, aka nuna. Sannan ta ɗora takardar a jikin motar ta rubuta da manyan baƙaƙe a saman sunanta: Na karɓe shi ba ya iya tsayuwa.

Kafin magariba an ɗora shi a inji. Likita ta fito da fayil ɗin a hannu ta sami Tela a baranda, ranta a ɓace.

"Sun sani, Yaya Tela," ta ce. "Tun wata biyar da suka wuce likitansu ya rubuta a kai shi asibiti cikin gaggawa. Sau uku ya rubuta, ga su nan. Ba wanda ya tanka. Da an kawo shi a lokacin da ƙodar ta tsira. Yanzu kam zai rayu in Allah ya yarda, amma shi da injin nan sai sau uku a mako, har abada. Da kin kawo shi ba takarda kuwa, ban san me zan ce miki ba."

"Ki ajiye fayil ɗin a hannunki har Lauya ta iso," in ji Tela. "Kar ki ba kowa, ko da kaki ya zo."

Ta shiga ɗakin. Injin yana ta aikinsa, jinin Auta yana fita ta wani siririn bututu yana dawowa ta wani. Ta ja kujera ta zauna a wajen ƙafafunsa. Ta ɗauka barci yake yi, sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya."

"Yi shiru ka huta."

"Da ba su buɗe ba fa?"

Tana iya ce masa ai ta san za su buɗe, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Amma yau ta ƙi sa hannu a kan ƙarya, ba za ta zo ta yi ta da baki ba.

"Da ka mutu a can," ta ce. "Da su sun rubuta da hannunsu cewa a wurinsu ka mutu. Ni kuma da na ɗauki wannan har kabarina, cewa an ba ni kai na ƙi karɓa. Na san haka tun kafin in tashi daga kujerar."

Auta ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen kumburarriyar fuskar ya shige kunnensa.

Tela ta kama ƙafarsa da hannu biyu, ta kifa goshinta a kai, ta saki kukan da ta hana Shugaban gidan yari gani.